Hausa Ba Ta Cikin Jarabawa



Kwanakin baya na leƙa gidan ƙanwata, na tarar da 'yarta 'yar aji shida zaune a kan tabarma, takardun tambayoyin shekarun baya baje a gabanta, tana shirin jarabawar shiga sakandare. Can sai mahaifiyarmu ta miƙo mata waya ta ce, "Uwata, karanta mini saƙon kawunki na Legas." Saƙo ne na layi uku da Hausa. Yarinyar da na ji tana zuba Turanci ba gargada, sai ga ta tana in'ina. Inda aka rubuta "baƙi" ta ce "baki", tsohuwa ta yi ta tambaya bakin wa ya samu matsala. Na ce mata, "Ke, ba a koya muku Hausa ne?" Ta ce, "Kawu, ai ba ta cikin jarabawa. Tun da muka shiga aji shida aka mayar da lokacinta na Lissafi."

Ba ta cikin jarabawa. Ku riƙe wannan magana, domin ita ce tushen ciwon, kuma masu tsara jarabawar ƙarshen firamare su ne ke da alhakinta. Darasin da ba shi da maki, hedimasta ba zai nema masa malami ba. Darasin da ba shi da maki, uba ba zai sayi littafinsa ba. Yaro ma ya san abin da za a tambaye shi, shi yake karantawa. Ana gwada shi a Lissafi, a Turanci, a kimiyya, har da tambayoyin auna basira, amma harshen da yake tunani da shi, wanda ya tashi da shi tun yana goye, ba a ba shi ko maki ɗaya.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 aka ce a kai shi har aji shida. A 2025 aka soke, aka ce yara na faɗuwa jarabawa. To, yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ai a lokacin ko firamaren bai gama ba, da wace jarabawa aka auna shi? Kuma a duk tsawon shekarun nan, an taɓa saka harshen uwa a takardar jarabawar? Ba a taɓa ba. Ka ce wa malami ya koyar da Hausa, sannan ka ce da Turanci kaɗai za a auna ɗalibinsa da shi kansa. Me kake tsammani zai yi?

Masu cewa harshen uwa yana ɓata Turanci, su koma Ile-Ife. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwajin koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. A nan ƙasar aka yi wannan, ba a wata uwa duniya ba.

In kuma an kafe sai da Turanci za a koyar, to a dubi Singafo. Da Turanci suke koyarwa. Amma a jarabawarsu ta gama firamare darussa huɗu ne: Turanci, Lissafi, Kimiyya, da harshen uwa, Sinanci ko Malay ko Tamil, kuma nauyinsu ɗaya. A 2010 da aka fara maganar rage makin harshen uwa, iyaye da malamai suka tashi tsaye, aka bar shi yadda yake. Wa zai ce yaran Singafo ba su iya Lissafi ko Turanci ba?

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Har yau akwai makarantun kuɗi, a tsakiyar Kano da Katsina da Sakkwato, inda ake cin yaro tara don ya yi Hausa a harabar makaranta. Ana kiranta "banakula". Ana naɗa wani yaro ya riƙa rubuta sunayen 'yan uwansa, da yamma a sa su durƙusa ko su biya kuɗi. Yaro ɗan shekara bakwai ya faɗi ya ce "wayyo ƙafata", a rubuta sunansa! Mu iyaye kuma muna murna, wai makaranta ta yi kyau. Me muke dasawa a zuciyar yaron nan? Cewa harshen da kakarsa take yi masa addu'a da shi laifi ne. Harshen da ake buga jarida da shi tun 1939, wanda ake yin digiri har na uku a kansa a Zariya da Kano da Sakkwato, shi ne ya zama abin tara. Kuma mai makaranta ba zai daina ba, don ya san Hausa ba ta cikin jarabawa, kuma da sakamakon jarabawa yake tallar makarantarsa.

Don haka roƙona ga masu tsara jarabawar nan ɗaya ne: a ba harshen uwa takardarsa, makinsa daidai da na Turanci, ba kashi goma na share hawaye ba. A tambayi yaro ya karanta labari ya faɗi abin da ya fahimta, ya rubuta wasiƙa, ya bambanta "ɗ" da "d", "ƙ" da "k". Na san za a ce harsunanmu suna da yawa. A fara da waɗanda ke da ƙa'idar rubutu da littattafai, Hausa da Fulfulde da Kanuri da Nupe da Tibi da sauransu, yaro ya zaɓi nasa ko na garin da ya tashi. A sanar tun yanzu cewa 'yan aji huɗu na bana su za su fara rubutawa, don makarantu su nemi malamai, masu buga littattafai su shirya.

Ranar nan a gidan ƙanwata, ni na karɓi wayar na karanta wa tsohuwa saƙon. Baƙi ne za su zo mata ranar Juma'a.