Roba a ciki ba ita ce shaidar tiyata ta yi kyau ba

Jama'a, akwai maganar da nake ji a majalisu daga Dambatta har Makoɗa, wai likitan da ya cire matsarmama bai bar roba tana zubo ruwa ba, to ya yi ha'inci, ya rage aiki. Wallahi ba haka ba ne, kuma marasa lafiyarmu ne ke shan wahalar wannan surutu.

Tun 1882 aka fara cire matsarmama, a Berlin ta Jamus. Shekara da shekaru likitoci suna barin roba saboda tsoron jini ko ruwan ɗaci ya taru a ciki. Daga baya aka zauna aka gwada: wasu da roba, wasu babu. Masu binciken Cochrane sun tattara gwaje-gwajen a 2007, suka sake dubawa a 2013, ba su ga hujjar sa wa kowa roba ba idan aiki ya tafi lafiya. Ita robar ƙofa ce, ƙwayar cuta na iya binta ta shiga. Ga zafi, ga ƙarin kwana a gado.

Ƙarin kwanan nan fa ba wasa ba ne ga mutumin ƙauye. Kwana biyu a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuɗin abinci ne, kuɗin mota ne, ga mai jinya ya bar gona a tsakiyar damina. Kuma da yawa cikin masu tsakuwar matsarmama yaranmu ne masu sikila, waɗanda jikinsu bai jure kamuwa da cuta.

Kada wani ya ce Malam ya haramta roba. A'a. In likita ya buɗe ya tarar da mugunya, ko kumburi mai tsanani, ko yana zargin ɗaci na yoyo, zai saka, kuma ya yi daidai. Shi ya ga cikin, ba kawun da ke zaune a benci yana ba da fatawa ba.

Maimakon rigimar roba, ku tambayi likita abin da za ku lura da shi a gida. Zazzaɓi, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura ko ciwo ya ƙi lafawa: a koma asibiti a ranar, ba kemis ba, ba mai maganin shawara ba. Wanda kuma aka sallama da roba, don Allah kada wanzami ya zare masa ita.