Hannun jari: An koya wa na'ura biyan riba, saura ƙirga ƙuri'ar mai ƙaramin jari

Duk wanda ya sayi hannun jari a kamfani, ko da guda ɗari ne, abu biyu ya saya: kaso daga ribar da kamfanin ya ci, da kuma murya a kan yadda ake tafiyar da shi. Fiye da shekara goma ke nan hukumomin kasuwar hannayen jari ta Najeriya suna fama da na farkon, suna ƙoƙarin raba biyan riba da takarda da gidan waya. Na biyun kuwa, wato ƙuri'ar mai jari a babban taron shekara, har yanzu riƙon sakainar kashi ake yi masa.

Aikin da ake magana a kansa ba ya fitowa a kanun labarai, amma shi ne ƙashin bayan kasuwar. Duk lokacin da kamfani ya sanar da rabon riba, ko kyautar ƙarin hannayen jari, ko tayin sababbi ga tsofaffin masu jari, ko haɗewa da wani kamfani, sanarwar takan ratsa hannuwa da yawa kafin ta isa ga mai haƙƙi. Daga kamfanin sai rajistara mai riƙe da sunayen masu jari, sai CSCS da ke ajiye hannayen jarin a kwamfuta tun 1997, sai dillalai da bankunan da ke tsare kadarorin manyan masu zuba jari. Kowane hannu da ya sake kwafe rana ko adadi, ƙofa ce ta kuskure, kuma kuskuren kwana ɗaya a ranar rufe rajista ya isa ya sa ribar wani ta faɗa aljihun wani. Saboda haka babu mai hankalin da zai yi jayayya da a bar wa na'ura wannan aiki: a fitar da sanarwa sau ɗaya cikin tsari ɗaya, kowace kwamfuta ta karanta ba tare da an sake bugawa ba.

Sai dai abin da ya faru da biyan riba ya isa ya zama izina. A 2015 Hukumar SEC mai kula da kasuwar, tare da Babban Bankin Najeriya da NIBSS, ta ƙaddamar da tsarin tura riba kai tsaye zuwa asusun banki. Tsarin ya yi amfani, domin wanda ya yi rajista yakan ga kuɗinsa a waya maimakon jiran takardar da kan lalace a akwatin gidan waya. Duk da haka, a 2023 hukumar da kanta ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190.

Tushen matsalar ya girmi kwamfutar. Lokacin dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da kuma lokacin da aka tilasta wa bankuna ƙara jarinsu zuwa naira biliyan 25 tsakanin 2004 da 2005, jama'a sun yi tururuwar sayen hannayen jari, wasu da sunaye iri-iri don su samu kaso mai tsoka. A Arewa akwai ƙarin wani ƙulli. Mutumin da takardar jarinsa ke ɗauke da Mohammed, lambar BVN ɗinsa na ɗauke da Muhammad, katin ɗan ƙasa kuma Muhammadu, mutum uku ne a idon na'ura. Wanda ya rasu kuwa, magadansa sai sun nemo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sau da yawa wahalarta da kuɗinta sun fi ribar da ake bi. Sai a haƙura. Dokar Kuɗi ta 2020 ta tanadi cewa ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba za ta koma wani asusun amana ƙarƙashin Ofishin Kula da Basussuka, gwamnati ta riƙe a matsayin bashi har mai ita ya zo nema. Haƙƙin bai faɗi ba a doka, amma wanda ke morar kuɗi ba shi ne zai fi kowa zumuɗin nemo mai su ba. Kwamfuta ba ta gyara gurɓatacciyar rajista. Abin da aka ba ta shi take aiwatarwa, cikin sauri.

A kan wannan rajistar ce za a ɗora ƙuri'a, kuma a nan lamarin ya fi nauyi. A babban taron shekara ake amincewa da ribar da za a raba, a zaɓi daraktoci da 'yan kwamitin binciken kuɗi, a yanke ko za a ƙara jari, abin da kan rage darajar kason wanda bai iya ƙara saye ba. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ce a ba da sanarwar kwana 21, ta kuma ba wanda ba zai halarta ba damar naɗa wakili. Takardar wakilcin yawanci sai ta isa ofishin rajistara awa 48 kafin taro. Galibin tarukan da ofisoshin a Legas suke. Ɗan fansho a Gusau ko 'yar kasuwa a Yola ba za su biya kuɗin mota da masauki don ɗaga hannu na minti ɗaya ba, takardar ma sau da yawa ba ta iso musu a kan lokaci.

Annobar korona ta fito da raunin fili. A 2020 Hukumar Rajistar Kamfanoni ta yarda a yi taruka ta hanyar wakilai, kamfanoni suka riƙa buga sunayen 'yan tsirarun mutane suna cewa kowa ya zaɓi wakilinsa daga cikinsu. Lalura ce ta kawo hakan, amma idan wanda za a yi wa tambaya shi ne ya tsara masu tambayar, an san irin amsar da za a ji. Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci da aka sa wa hannu a Fabrairun 2023 ta halatta wa kamfanonin da jama'a ke da jari a cikinsu yin taro da kaɗa ƙuri'a ta intanet. Ci gaba ne. Amma taron da sakataren kamfani ke riƙe da maɓallin buɗe murya da rufewa yana iya fin zauren otal toshe baki, domin a zaure aƙalla ana ganin wanda ya miƙe aka hana shi magana.

Kada kuma a ɗauka ƙirga ƙuri'ar masu jari abu ne mai sauƙi. A 2017, a Amurka, kamfanin Procter & Gamble ya sanar da cewa ya kayar da Nelson Peltz a takarar kujerar darakta. Masu ƙirga na waje suka sake lissafi aka ga Peltz ne a gaba da tazara kaɗan, daga baya sakamakon ƙarshe ya sake juyawa, kamfanin dai ya ba shi kujerar. Wannan a kasuwar da ta fi kowace girma a duniya ke nan. Tarayyar Turai, tun Satumban 2020, ta wajabta a tura wa wanda ya kaɗa ƙuri'a ta na'ura shaidar cewa ta isa, ya kuma iya neman tabbacin an ƙirga ta. A Indiya ana buɗe ƙuri'ar intanet kwanaki kafin taro, mai jari ya zaɓa daga gida ba tare da wakili ba. Babu abin da ya fi ƙarfin Najeriya a nan, ƙasar da mai shayi ke karɓar kuɗi ta waya.

Akwai wata ƙuri'ar da ba a cika tunawa da ita ba. Kuɗin fanshon ma'aikata ya haura naira tiriliyan 20 a 2024, wani ɓangarensa kuma yana cikin hannayen jarin manyan kamfanoni. Masu kula da asusun ne ke yanke yadda za a kaɗa ƙuri'ar da ke tattare da su, amma bayanin asusun da ake turo wa malamin makaranta ba ya nuna masa ko da kuɗinsa aka amince da ƙarin alawus na daraktoci. Idan aka sarrafa wannan da na'ura ba tare da sharaɗi ba, abin da ya fi sauƙi shi ne a saita ta ta riƙa cewa "na'am" ga duk abin da shugabannin kamfani suka kawo. Ya kamata Hukumar PenCom ta sa a riƙa wallafa yadda aka kaɗa kowace ƙuri'a, kamfani bayan kamfani.

Dama ta samu yanzu. Umarnin da Babban Banki ya bayar a Maris 2024 na sake ƙara jarin bankuna ya shigo da sababbin masu jari, da yawansu ta manhajoji irin su NGX Invest, da BVN da lambar waya da asusun da aka tantance. Rajistarsu tsaftatacciya ce, don haka babu hujjar jinkiri a kansu. SEC, wadda Dokar Zuba Jari ta 2025 ta ƙara wa iko, ta fara da bankunan: a aika sanarwar taro ta waya cikin harshen da mai jari ke ji, a buɗe ƙuri'a kwanaki kafin ranar, kowa ya samu saƙon shaida, mai ƙirga ya kasance ba ya ƙarƙashin kamfanin, a kuma buga adadin masu goyon baya da masu adawa a kan kowane ƙuduri. Tsofaffin masu jari da magadansu kuwa, a buɗe musu teburin daidaita suna da takardun gado a rassan bankunan da ke garuruwansu, ba a Legas kaɗai ba.