Igiya da Turke Sun Fi Haddar Allo

Ranar da muka zo darasin raba layi gida biyu a sakandare, malaminmu bai ko taɓa kamfas ba. Da hannu ya zana baka a allo, ya jero matakai, ya ce mu kwafa: kafa tsinin kamfas a A, buɗe shi ya wuce rabin layin, zana baka sama da ƙasa, koma B ka maimaita ba tare da ka sauya buɗin ba, sannan ka haɗa mahaɗun biyu da rula. Wani ya tambaya, "Malam, me ya sa sai ya wuce rabi?" Aka ce masa haka ake yi. Muka haddace, muka ci jarrabawa, muka manta.

Ni dai na ce wannan koyarwa cuta ce, kuma har gobe ana yin ta.

Amsar tambayar yaron nan ba ta kai minti ɗaya ba. Idan buɗin bai wuce rabi ba, bakan biyu ba za su gitta juna ba. Inda kuwa suka gitta, nisan wurin daga A daidai yake da nisansa daga B, tunda buɗi ɗaya ne ya zana su. Duk ɗigon da ke da wannan siffa a kan miƙaƙƙen layi guda yake zaune, ɗigo biyu kuwa sun isa a fitar da layi. Shi ke nan. Yaron da ya gane haka ko ya manta matakan zai ƙirƙiro su da kansa.

Ni ban gane ba sai da na fara rubuta manhaja. An ba ni aikin raba gari tsakanin wuraren ajiyar kaya, kowane gida a haɗa shi da wurin da ya fi masa kusa. Na kwana biyu ina fama kafin in farga cewa iyakar da ke tsakanin kowane wuri biyu ita ce layin nan na allon malam. Masana na kiran wannan rabo taswirar Voronoi, sunan masanin da ya yi rubutu a kanta a 1908. Kafin shi, bayan annobar kwalara ta 1854 a Landan, likita John Snow ya zagaye gidajen da suka fi kusa da famfon titin Broad, ya nuna a cikinsu mace-macen suka taru. Ashe abin da aka ba mu a matsayin hadda ya taɓa tona asirin annoba.

Na san uzurin. Aji ya cika maƙil, rabin ɗalibai ba su da akwatin kayan lissafi, manhajar karatu ta yi tsawo, tambayar kuma takan zo a ɓangaren zaɓi na WAEC, ana iya tsallake ta. Duk gaskiya ne. Amma maginin da zai fitar da da'irar ɗaki ko rumbu, wane akwati yake saya? Turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya zagaya. Kamfas ke nan. A fitar da yara fili, a ajiye duwatsu uku, a ce ƙauyuka ne, a nemo inda za a haƙa rijiyar da babu wanda zai ce an fi kusantar da ita ga wani. Su yi gardama, su ja igiya, su ga layuka uku sun haɗu a wuri guda.

Abokan sana'ata masu cewa GeoGebra ta kashe kamfas su ma ban yarda da su ba. Waya za ta zana maka layin nan take, amma ba za ta faɗa maka yaushe kake buƙatarsa ba. Uƙlidis, a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, bai rubuta mataki ba tare da hujjarsa ba. Mu mun ɗauki matakan mun zubar da hujjar, mun riƙe ƙaiƙayi mun bar tsaba.

Malamai, idan yaro ya ce "me ya sa?", ku ajiye alli ku ba shi amsa. Iyaye, in ya dawo da maki goma cikin goma, ku miƙa masa igiya ku ce ya raba muku tsakar gida biyu.