Kiɗan Kotso Da Masu Raina Shi

Ran nan da la'asar muna zaune a wata majalisa a Kakuri, wani yaro ya kunna waƙar Musa Ɗanƙwairo a wayarsa, sai wani malami mai yawan takardun boko ya yamutsa fuska, ya ce a kashe. Wai wannan roƙo ne kurum, mutum guda na ihu, yaransa na maimaitawa. Wai in ana son kiɗan masu hankali sai a tafi Turai, inda mutum huɗu kan zauna a ɗaki da gogensu, kowa da takardarsa gabansa. Ban tanka masa a wurin ba, don ya girme ni. Amma ga amsata a rubuce, domin duk wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta, ya yi mana hukunci.

Da fari, kiɗan nan na Turawa da malam ke yabo, ina ya tashi? A fada. Haydn, mutumin Ostiriya wanda su ke ɗauka shi ne uban kiɗan mutum huɗu, ya yi wajen shekara talatin yana barantaka a gidan sarautar Esterhazy, yana sa tufafin barorin gidan, yana tsara abin da ubangidansa ya nema. Ya mutu a 1809, watau a zamanin Shehu Ɗanfodiyo. To, in makaɗin fada abin raini ne, sai malam ya fara da nasa.

Sa'an nan batun wai mutum guda ne ke yin kome, wannan magana ce ta wanda bai kasa kunne ba. Ɗanƙwairo kansa ba a gaba ya fara ba. Ubansa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Maradun ne, bayansa kuwa wansa Abdu Kurna ya riƙe jama'ar, Musa yana baya yana amshi shekara da shekaru kafin gaba ta zo masa. Ka sake sauraron kowace waƙa tasu, ya kai mai karatu. Masu amshin nan su ne masu kiɗan, kotso na rataye a kafaɗa, hannu na bugu, ana matsa tsarkiya murya ta hau, a sassauta ta sauko, baki kuma na waƙa a lokaci guda. Ubangida ya ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, su cafe, su yi ƙari, wannan da siririyar murya, wancan da kakkaura, su dire kan gindin waƙa tare kamar bakinsu ɗaya. In ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, waƙa ta ɓaci gaban sarki. Duk wannan ba takarda. Tun yaushe riƙe abu da ka ya zama kasawa a ƙasar nan?

Abin da suka aikata kuwa sananne ne. Sun yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙoƙi, gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai muryarsu lungu lungu, har ɗakunan ma'aikatan masaƙar Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957. Da aka kashe Sardauna a Janairun 1966 jama'ar ba ta watse ba. Sun yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, sun yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, suna tare har Allah ya yi wa Ɗanƙwairo rasuwa a 1991.

Ban ce ba su da aibi ba. Akwai zuga sarki fiye da kima, akwai zambo mai zafi ga abokan gabarsa, ana kuma karɓar riga da doki. Na yarda. Amma likita ma ana biyansa, ba a ce da shi maroƙi.

Inda malam ya kamata ya zarge mu bai ma gani ba. Akwai wata ƙungiyar masu goge huɗu mai suna Amadeus, an kafa ta a Landan a 1947, suka yi shekara arba'in ba a sāke ko mutum ɗaya ba, sai a 1987 da ɗayansu ya mutu suka ajiye. Sunan huɗun nan duka yana rubuce a littattafai da jikin fayafayansu. Mu fa? A kaset da waya sunan ubangida kaɗai a ke sawa. Faɗa mini sunan mutum uku cikin masu amshin Narambaɗa, ko na Sa'idu Faru, in ka iya. Assha! Muryarsu na cikin kunnenmu kullum, sunansu na salwanta.

Ga aiki ga ku da kuka iya alƙalami. Duk wanda hanya ta kai shi Maradun, ko Bakura, ko Isa, ya nemi 'ya'yan makaɗan nan da tsofaffin da suka yi zamani da su, ya tambaya wa ke riƙe da wane kotso, wa ke da siririyar muryar nan, ɗan wa ne, yaushe ya shiga, yaushe ya bari. Ya rubuta, ya sa kwanan wata da sunan wanda ya gaya masa.