Kada mu sauya ubangida da sunan neman 'yanci

A farkon watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga matasa a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha, fari da shuɗi da ja, wadda teloli suka ɗinka musu cikin gaggawa. Hukuma ta kama wasu daga cikin telolin, aka kuma sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Maganar dai ba ta kwanta ba. A majalisun cikin birni, daga Ƙofar Doka har Babban Dodo, kana iya jin ana jinjina wa sojojin Nijar da suka sallami Faransa da Amurka suka kira Rasha, ana cewa ina ma a ce mu ne. Mun fahimci fushin, don yunwa ba ta san lallashi ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauka cewa wanda ya bar gidan wani ubangida ya koma na wani ya sami 'yanci.

Dattawan birnin Zazzau ba baƙin wannan kokawa ba ne. A zamanin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, har cikin zaure manyan ƙasashe suka riƙa biyo su. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta Yamma da Sin suka biyo baya a 1963, Mosko na da nata, Muryar Amurka ta shigo a 1979. Bayan sallar isha'i mai gida zai zare eriya, ya riƙa murɗa rediyo a gajeren zango yana laluben tasha cikin ƙara da shuuu, jama'a sun yi tsit a kan tabarma. Labari ɗaya sai a ji shi iri uku: wanda Landan ta kira ɗan tawaye, shi ne Mosko ke kira ɗan gwagwarmaya. Masu saurare sun gane tun da wuri cewa babu wanda ke kashe kuɗinsa yana magana da Hausa daga uwa duniya don son Bahaushe kawai.

Ba sauraro kaɗai Zariya ta yi ba, 'ya'yanta sun zauna a teburin da ake yanke shawara. Malam Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, mahaifin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya fara da aikin rubutu da fassara a Kamfanin Gaskiya, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a Jamhuriya ta Farko. Farfesa Ishaya Audu ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1983 bayan ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Janar Joe Garba, ministan Murtala, a makarantar soja ta Zariya ya fara. Rilwanu Lukman, haifaffen Zariya, shi ke kan kujerar daga ƙarshen 1989 zuwa 1990, daidai lokacin da ƙasashen gurguzu na gabas ke rushewa. Gari kaɗan ne a ƙasar nan ke da irin wannan gado.

Idan aka bi sawun waɗannan shekaru, abu ɗaya ke fitowa fili: duk lokacin da Nijeriya ta yi nata lissafin ta faɗe shi a bainar jama'a, ta fita da mutunci. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta karkata ga Yamma, wannan ba a musu. Ta taƙaita ma'aikatan ofishin jakadancin Sobiyet a Legas, ta sa ido kan littattafan gurguzu. Amma da Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya a 13 ga Fabrairun 1960, ta sake, ta kuma sakewa a ƙarshen Disamba, sai gwamnatin nan ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragenta na sama da na ruwa sauka. Duk wanda ya taɓa share ƙurar hunturu daga kan tulu ya san daga ina iskar nan take tasowa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila a 1960 kuwa, ɗalibai ne suka yi mata bore har zauren majalisa, aka soke ta a Janairun 1962.

Lokacin yaƙin basasa, Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Ingila ta noƙe kan jiragen yaƙi, Faransa ta goyi bayan Biyafara. Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya juya ga Mosko, jiragen MiG suka sauka a Kano a Agustan 1967. Ya sayi abin da yake bukata, bai mayar da ƙasa 'yar gurguzu ba, bai ba kowa sansani ba.

Angola ce ta fi nuna abin da muke nufi. Ƙasar ta sami 'yanci daga Fotugal a 11 ga Nuwamban 1975 da ƙungiyoyi uku masu ɗauke da makamai. MPLA ta Agostinho Neto na da Sobiyet da Kyuba. FNLA da UNITA na da Amurka. Da farko Nijeriya gwamnatin haɗin gwiwa take so. Abin da ya sauya mata ra'ayi shi ne tabbacin cewa sojojin Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata sun kutsa suna yaƙi tare da UNITA. Janar Murtala Muhammed, tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa, ya amince da gwamnatin MPLA a 25 ga Nuwamba, ya ba ta gudummawar dala miliyan 20. Shugaba Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu layin da za su bi. Wasu sun karanta sun sa a aljihu. Gwamnatin Murtala ta ba 'yan jarida ita, ta haɗa da amsa mai zafi. A taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa, 11 ga Janairun 1976, Murtala ya tashi ya ce nahiyar ta girmi a riƙa yi mata umarni daga waje. Taron ya tashi ƙasashe sun rabu 22 da 22, amma cikin wata guda ƙungiyar ta karɓi gwamnatin Neto. Ba don ƙaunar Mosko aka yi ba. Don ƙin wariyar launin fata ne. Sakayya ma ba a samu wata ta kirki ba, Joe Garba da kansa ya koka daga baya kan yadda Angola ta yi ko-in-kula da alherin Nijeriya. Kuma yaƙin da manya suka hura a can bai mutu ba sai 2002.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ne aka riƙa dafa yawancin wannan tunani. Dokta Yusufu Bala Usman na cikin kwamitin da ya sake duba manufofin ƙasashen waje a lokacin Murtala. Da iska ta juya, gwamnatin Babangida ta tasa ƙeyar Patrick Wilmot daga ƙasar a 1988, ta kori Bala Usman daga aiki a 1989 sai kotu ce ta mayar da shi. Laifin irin waɗannan malamai, in ji hukuma, suna koyar da abin da ba shi ake biyansu su koyar ba.

Wanda ke ganin Mosko ba ta yar da aboki, ya tambayi Somaliya. Siyad Barre ya ƙulla abota da Sobiyet a 1974, ya ba su tashar jiragen ruwa ta Barbara. Da yaƙin Ogaden ya ɓarke a 1977, suka koma bayan Mengistu na Habasha, da makamai da sojojin Kyuba. Barre ya kore su, Amurka ta gaji tashar a 1980. A 1991 Barre da Mengistu duka suka faɗi, iyayen gidan sun riga sun kama gabansu. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ko daga gabas ladan ya fito ko daga yamma. Mu kanmu muna da masana'antar ƙarafa ta Ajakuta, wadda aka ba kamfanin Sobiyet kwangilarta a 1979, har yau ba ta kai ga abin da aka gina ta dominsa ba.

Yanzu kokawar ta dawo bakin iyakarmu. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a Disambar 2023, masu horarwa na Rasha sun sauka a Yamai a Afrilun 2024, Amurka ta kwashe daga sansaninta na Agadas a shekarar. A watan Mayun 2024 wasu masana na Arewa, cikinsu har da Farfesa Abubakar Siddique Mohammed na cibiyar CEDDERT da ke Zariya da Farfesa Attahiru Jega, suka rubuta wa Shugaba Tinubu kada a karɓi sansanonin da aka kora daga Sahel. Gwamnati ta ce babu wannan magana. Madalla, amma musantawa a bakin minista ba ta wadatar ba.

Muna kira ga 'yan majalisar tarayya da ke wakiltar Zazzau, da sauran takwarorinsu, su tsaya kai da fata cewa duk wata yarjejeniyar soja da wata ƙasa, Amurka ce ko Faransa, Rasha ce ko Sin, a kawo ta zauren majalisa a karanta kowa ya ji kafin a sa hannu. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya da ƙasar waje ba ta zama doka sai majalisa ta zartar da ita. Su yi aiki da shi. Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Masarautar Zazzau kuma su haɗa hannu a fitar da labarin Reggane da Angola da Ogaden cikin Hausa, a littafi da rediyo, tun waɗanda suka ga zamanin da idonsu suna raye.