Abin da ba ya ƙidayuwa

Yara, sau da yawa in an tambaye ku yawan wani abu, sai ku ce: «Ba ya ƙidayuwa!» A ganina, wannan amsar raggo ce. Abin da ba ya ƙidayuwa iri uku ne, ya kamata ɗan makaranta ya san bambancinsu.

Na farko shi ne abin da ake aunawa. Bahaushe ba ya cewa gishiri biyu ko man gyaɗa uku. Sai ya ce gishiri tiya biyu, man gyaɗa litar uku. Bafaranshe ma haka, «du sel» yake cewa. A nan ma'auni ake ƙidayawa. Wanda bai san awo ba, shi ake cuta a kasuwa.

Na biyu shi ne abin da ya yi mana yawa, kamar ƙwayoyin hatsi cikin rumbu ko rairayin Tenere. Waɗannan suna da iyaka, mu ne muka gaza. Amma akwai dabara: ku ƙidaya ƙwayoyin cokali guda, ku ga cokali nawa ke cika tiya, sannan ku riɓanya. Da irin wannan dabara wani Bagirke, Arshimed, ya lissafta rairayin da zai cika duniya da sararin samaniya, yau fiye da shekara 2200. Ya ce ƙwayoyin ba za su wuce 1 mai sifili 63 a bayansa ba.

Na uku shi ne abin da ba ya da iyaka. Kowace lamba kuka faɗa, in an ƙara mata 1, an samu wadda ta fi ta. Duk da haka waɗannan lambobi suna jeruwa: 1, 2, 3, kowace da mabiyiyarta. To, a 1874 wani Bajamushe, Georg Cantor, ya nuna cewa ɗigogin da ke bisa layin da kuke ja da alli ba su jeruwa haka. Kowane jeri aka yi masu, ko da marar ƙarshe ne, sai an tsallake wasu. Ashe marar iyaka ma wani ya fi wani yawa!

Saboda haka, kafin ku ce abu ba ya ƙidayuwa, ku tambayi kanku: awo yake so, ko dabara, ko kuwa iyaka ce ba ya da ita? In malam ya ba ku hatsi tiya guda gobe, me za ku ce masa?