Masunci da mai waya: hankalin da ya nutse iri biyu ne

Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya san abin: masunci a kan gora cikin kogin Matan Fada, homa a hannu, kiɗa na tashi a bakin gaɓa, amma hankalinsa duk yana ƙarƙashin ruwa. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya yi bayanin wannan yanayi tun 1975: idan wuyar aiki ta yi daidai da gwanintar mutum, yana kuma ganin sakamako nan take, sai lokaci ya wuce bai ankara ba.

Waya ma tana cinye lokaci haka, shi ya sa mutane ke haɗa su. Bambancin yana fitowa ne bayan an tashi. Mai dashen shinkafa a fadamar Ambursa, ko mai saƙar tabarma, yakan tashi da gajiya mai daɗi, barci ya ɗauke shi. Mai latsa waya har ƙarfe 2 na dare kuwa da nauyin kai yake wayar gari. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka.

Mai hawan jini ko yawan damuwa, ya ware rabin awa kullum ga aikin hannun da yake so, wayar tana wani ɗaki. Wannan ba ya maye gurbin magani.

Iyali kuma su lura: idan mutum ya yi mako 2 ba ya jin daɗin abin da ya saba so, wannan na cikin alamomin ciwon damuwa. A kai shi wurin likita.